Yadda Ake Tsara Lokaci da Sanin Ƙasa Kafin Doguwar Tafiyar Ƙafa Kashi-Kashi

A jihar Maine ta Amurka, a kan doguwar hanyar ƙafa ta Apalaciya, akwai wani kwazazzabo da ake kira Mahoosuc Notch. Tsawonsa kamar mil ɗaya ne, wato kilomita 1.6 ko kusa da haka. A fili shimfiɗaɗɗe, mai lafiya zai cinye wannan nisa cikin minti ashirin. A can kuwa, manyan duwatsu ne suka rufto daga sama suka cika kwarin. Sai ka hau wannan, ka kutsa ƙarƙashin wancan, wani wurin ma sai ka sauke jakarka ka tura ta gaba ka bi ta da rarrafe. Mutane da yawa kan shafe awa biyu ko uku kafin su fita. A taswira kuwa ɗan layi ne da bai wuce tsawon yatsa ba.

Kuskuren da ya fi jefa matafiya cikin wahala shi ne lissafi da kilomita. Ƙafa awa ta sani, da hawa, da irin abin da take takawa. Duk abin da zan faɗa a nan hanya ce ta mayar da kilomitar taswira zuwa awannin da jikinka zai yi aiki.

Hanyar Apalaciya ta kai kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga tsaunin Springer a jihar Jojiya zuwa tsaunin Katahdin a Maine. Ta Pacific Crest ta fi ta tsawo, kilomita 4,265 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada. Mai son gama irin waɗannan a tashi ɗaya yana bukatar wata biyar zuwa bakwai, abin da mai aiki da iyali ba kasafai yake samu ba. Shi ya sa ake yanka su kashi-kashi: mako ɗaya bana, mako biyu baɗi, har a haɗa bakin zaren. Wannan ba ƙaramar tafiya ba ce. Myron Avery, wanda ake lissafawa a matsayin mutum na farko da ya taka hanyar Apalaciya gaba ɗaya a 1936, kashi-kashi ya yi ta, yana tura keken awo a gabansa.

Da farko, ƙirga kwanakin gaskiya

In an ba ka hutun kwana bakwai, ba kwana bakwai za ka yi kana tafiya ba. Ranar farko ta tafi a mota ko jirgi, da neman wanda zai kai ka bakin hanya. Ta ƙarshe ma haka. Saura biyar. Cikin biyar ɗin ka ware ɗaya ka ajiye ba tare da ka ɗora mata ko kilomita ɗaya ba, saboda ruwan sama, ko targaɗe, ko rafin da ya cika. In ba a bukace ta ba, ka yi hutu da ita. Abin da ya rage a hannunka kwana huɗu ne cikakku, wataƙila da rabin yini a ranar isowa. A kan waɗannan za ka auna tsawon kashin da za ka ɗauka. Kada ka fara zaɓar kashi sannan ka matsa wa kwanaki su ɗauke shi.

In da motarka za ka je, ka ajiye ta a inda za ka ƙare, a kai ka mafari, ka tako zuwa gare ta. Ta haka in ka makara babu direban da ke jiranka a gefen titi, babu kuma abin da zai sa ka gudu a gangara da yamma.

Ka kuma bincika takardun izini tun da wuri, domin dokar mai yin kashi takan bambanta da ta mai yin hanya gaba ɗaya. A Pacific Crest, izinin doguwar tafiya na wanda zai yi mil 500 ne ko fiye a jere. Wanda zai yi ƙasa da haka, izinin hukumomin dajin da zai ratsa zai nema.

Karanta ƙasar tun kana gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka nemi taswira mai layukan tsayi, waɗannan siraran layuka da ke zagaye tuddai. A taswirar 1:25,000, santimita huɗu kilomita ɗaya ce; a ta 1:50,000, santimita biyu. Inda layukan suka yi nesa da juna ƙasa a kwance take, inda suka matsu kamar haƙoran mataji, hawa ne mai tsanani. Ka duba gefen taswirar ka ga mita nawa ke tsakanin layi da layi, don ba ɗaya ba ne a kowace taswira.

Ga inda ake yawan yin tuntuɓe. Mutum ya ga zai tashi daga tsayin mita 800 ya kwana a mita 1,000, sai ya ce hawan mita 200 ne. Alhali tsakanin wuraren biyu hanya ta hau ta sauka sau biyar, jimillar hawan ta haura mita 1,000. Jimilla ake nema, kowane tudu a haɗa shi. Tsaunukan Apalaciya ba su da tsayin a zo a gani, wuri mafi tsayi a hanyar bai wuce mita 2,025 ba, amma hawa da saukarta in an tara sun kai kwatankwacin hawa Everest sau 16. Manhajojin waya suna zana maka hoton hawa da sauka na kowane kashi, kuma suna da amfani, sai dai hoton yakan yaudari ido: in an matse kilomita 100 a allon waya, hawan da zai fitar maka da numfashi yakan zama ɗan ƙwaro a kan layi. Ka buɗe shi yini-yini.

Ma'auni mai sauƙi shi ne mita nawa ake hawa a kilomita ɗaya. Ƙasa da 50, da kyar za ka ji. Wajen 100, ka san kana hawa. Daga 200 zuwa sama, da kaya a bayanka, za ka riƙa tsayawa kana dafa gwiwa.

Akwai abin da taswira ba ta faɗa, wato abin da tafin ƙafa zai taka. Arewacin kashin Pennsylvania na hanyar Apalaciya ba shi da hawa mai yawa, amma an san shi da tsinin duwatsu da ke cinye takalmi, kowane taku sai ka duba inda za ka sa ƙafa. Hanyar Pennine Way ta Ingila tana da wuraren taɓo da ke riƙe ƙafa in an yi ruwa. Hanyar GR20 ta tsibirin Kosika na ƙasar Faransa kilomita 180 ce kacal ko kusa, amma an saba raba ta zango 16, domin a arewacinta akwai wuraren da hannu da ƙafa ake hawa, har da sarƙoƙin da aka kafa a jikin dutse. Yashi mai laushi, jijiyoyin itace masu santsi, tsakuwa mai zamewa, itatuwan da iska ta kayar a kan hanya, kowanne da harajin da yake karɓa. Wannan labarin sai a littafin jagoran hanyar, ko a bakin wanda ya bi ta kwanan nan. In za ka tambaye shi, kada ka ce "da wuya?", don wuyar wani sauƙin wani ce. Tambaye shi ƙarfe nawa ya tashi, ƙarfe nawa ya isa, kilo nawa ke bayansa, kuma kwana nawa ya riga ya yi a hanya kafin ya iso wurin.

Lissafin awa

A nan zan daɗe, don shi ne ƙashin bayan shirin.

A 1892 wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kafa ƙa'idar da har yau ake amfani da ita: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wato minti 12 a kilomita, da minti 10 a kowace mita 100 da aka hau. Daga baya Eric Langmuir ya kawo gyara a kan sauka: in gangara mai sauƙi ce, tsakanin digiri 5 da 12, a rage minti 10 a kowace mita 300, in ta fi digiri 12 tsanani, a ƙara minti 10. Digiri 12 ya yi daidai da saukar mita 200 da ɗan kai a kilomita ɗaya. Wannan gyaran yana da muhimmanci, don mutane da yawa suna ɗauka gangara kyauta ce. Mai tsananin ta fi hawa cin gwiwa, kuma galibin faɗuwa a nan ake yi, da yamma, ƙafa ta gaji.

Amma Naismith ya yi lissafinsa ne ga mutum mai ƙarfi a yanayi mai kyau, ba tare da hutu a ciki ba. Kai kuwa kana ɗauke da tanti da guzuri da ruwa. Don haka ni da kilomita 4 a awa nake lissafi a hanya mai kyau, 3 a ƙasa mai duwatsu ko taɓo, 2 ko ƙasa da haka inda sai an sa hannu.

Bari mu gwada. Ka ce yininka kilomita 18 ne, jimillar hawa mita 900, da gangara mai tsanani ta mita 600 kafin masauki. A ƙa'idar Naismith tsantsa, nisan ya ci awa 3 da minti 36, hawan awa ɗaya da rabi, jimilla awa 5 da minti 6. Mutum ya ga haka sai ya ce zai tashi da hantsi ya isa kafin rana ta yi sanyi. Yanzu mu sake da kaya a baya. Kilomita 18 a kan 4 a awa, awa 4 da rabi. Hawa, awa ɗaya da rabi. Gangara, ƙarin minti 20. Mun kai awa 6 da minti 20 na tsabar tafiya. Hutun minti goma a kowace awa ya ba da awa ɗaya. Cin abincin rana, minti 40. Ga awa 8 cif, ba mu sa ɗiban ruwa da tace shi ba, ba mu sa tsayawa duba taswira ba, ba mu sa ɓatan hanya na minti ashirin da kusan kowa ke yi ba. Yinin da ya yi kama da awa biyar ya zama takwas da rabi ko tara.

Sannan ga lokacin da babu mai rubutawa. Daga farkawa zuwa ɗaga jaka, naɗe tanti mai raɓa, dafa abin karyawa, ɗaure ƙafa, awa ɗaya ne in ka ƙware, ɗaya da rabi in ba ka ƙware ba. Da yamma kana bukatar aƙalla awa ɗaya ta haske don kafa tanti da ɗebo ruwa da girki.

In kuna da yawa, da saurin wanda ya fi kowa jinkiri za a yi lissafi, a kuma ƙara wani abu a kai, domin mutum huɗu ba sa jin ƙishi ko matsuwa a lokaci ɗaya.

Jikinka daga sifili yake farawa

Za ka karanta labarin masu yin hanya gaba ɗaya suna cin kilomita 35 ko 40 a yini, kuma gaskiya ne. Amma sun kai haka ne bayan makonni a hanya, jijiya ta yi ƙwari, tafin ƙafa ya yi kanta. Kai daga kujerar ofis ka taso. Abin da ya fi ciwo a tafiyar kashi-kashi ke nan: daidai lokacin da ƙafarka ta fara sabawa, hutunka ya ƙare, baɗi kuma ka sake daga farko. Kada ka ari lissafinsu.

Na taɓa yin wannan kuskuren. Na tsara kilomita 25 a ranar farko don na ga wasu na yi, kuma na yi ta, har ina jin daɗin kaina. Da safe na biyu agarata ta dama ta kumbura, ina jin ta tana ƙara kamar sabon takalmi duk lokacin da na lanƙwasa ƙafa. Kwana uku na ja ta, na fita hanya a wani titi kilomita 40 kafin inda na nufa. Huhu da tsoka suna saurin sabawa, jijiya da gaɓoɓi ba sa yi, kuma ba sa yin ƙorafi sai washegari.

Tun daga nan nake sa kwana biyu na farko su zama kashi biyu cikin uku na abin da nake iyawa. Rana ta uku takan fi kowace nauyi, gajiya ta taru, don haka ba na ɗora mata babban hawa in da hali. Daga ta huɗu ake ƙarawa. Wannan ya shafi har zaɓen inda za ka fara. Zangon farko na hanyar Santiago, doguwar hanyar ƙafa ta masu ziyarar ibada, daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa zuwa Roncesvalles a Sifaniya kimanin kilomita 25 ne da hawan sama da mita 1,200, a rana ta ɗaya, da ɗanyen jiki. Da yawa sukan raba shi biyu, kuma sun yi daidai.

Kafin ka tashi, ka auna kanka. Cika jakar da nauyin da za ka ɗauka, ka nemi tudu, ka yi kwana biyu a jere kana tafiyar awa biyar ko shida, ka rubuta lokacin. Kwana na biyun shi ne mai faɗin gaskiya. Ka kwatanta da ƙa'idar Naismith: in ta ce awa 5 kai kuma ka yi 6 da rabi, to duk lissafinka ka ninka da 1.3. Nauyin jaka kuwa, abin da aka saba shawarta shi ne kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka.

Lokacin shekara, haske da ruwa

Babbar gatar mai yin kashi ita ce yana iya zaɓar wa kowane yanki lokacin da ya fi dacewa da shi. A hanyar Pacific Crest, hamadar kudancin Kalifoniya an fi bin ta a watannin Afrilu da Mayu kafin zafi ya tsananta. Tsaunukan Sierra Nevada kuwa, inda hanyar ke haura mita 4,000 a mashigar Forester, wato wurin da ake ƙetare tsauni, dusar ƙanƙara takan kai har Yuni ko Yuli, don haka ƙarshen Yuli zuwa Satumba ya fi. Hanyar tudu ta zangon Roncesvalles da na ambata a rufe take daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris.

Tsawon yini ma ba ɗaya ba ne. A Sikotilan rana takan yi sama da awa 17 a Yuni, ta koma wajen 7 a Disamba. Ka duba lokacin faɗuwar rana na ainihin kwanakin tafiyarka, ka cire awa ɗaya, wannan ne lokacin isarka. A cikin kurmi ko kwari duhu yakan riga agogo.

Iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Salsiyas a kowace mita 1,000 da ka hau, ban da abin da guguwa ke ƙarawa. Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon tsayi na iya kama mutum, da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, saurinka kuma zai ragu ko da lafiyarka ƙalau. In ka haura mita 3,000, kada wurin kwananka ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. A manyan tsaunuka hadari mai tsawa ya fi tasowa bayan tsakar rana, saboda haka ka tsara kwananka a gindin mashiga, ka haye ta da safe. Rafin da narkakkiyar ƙanƙara ke ciyarwa shi ma da sassafe ya fi ƙanƙanta. In ruwa mai gudu ya wuce gwiwa, ka nemi wani mashigi ko ka jira. Ranar ajiyarka ta irin wannan ce.

Ruwan sha shi ke yanke inda za a yada zango fiye da kowane lissafi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ka sa alama a kan kowane idon ruwa da ƙorama, ka bambanta masu ruwa duk shekara da masu ƙafewa. In akwai tazarar awa shida babu ruwa, ƙarin kilo uku ko huɗu ke nan a bayanka, kuma saurinka a wannan yanki zai ragu.

Haɗa shi a takarda ɗaya

Yanzu ka ɗauki takarda, kowace rana layi ɗaya: inda za ka tashi, inda za ka kwana, kilomita, jimillar hawa, jimillar sauka, irin ƙasa, wuraren ruwa, awannin da ka lissafa. Za ka ga kwanakin ba su yi daidai da juna a kilomita ba, wata 22 wata 11, kuma haka ya kamata. Awannin ne ya kamata su yi kusa da juna.

Guzurin yini ɗaya yakan kai gram 700 zuwa 900 na busasshen abinci, don haka na kwana biyar kilo huɗu ne. Jakarka ta fi nauyi ranar da ka yi sayayya, sai ka sauƙaƙa wa wannan rana. Akwai wuraren da babu gari kusa, kamar dajin mil 100 na Maine da ke farawa daga garin Monson. Irin wannan ba da shi ake fara koyo ba.

Ga kowace rana ka rubuta masauki na biyu da ya fi kusa, da kowane titi ko ƙaramar hanya da za ta fitar da kai zuwa gari. Ka sa wa kanka sharaɗi tun kana gida da hankalinka a kwance: in ƙarfe biyu ta yi ban kai wuri kaza ba, a masaukin kusa zan kwana. Mutumin da ya gaji, yana ganin saura kilomita biyar, ba ya yanke hukunci mai kyau. Ka bar kwafin takardar wurin wani na gida, da ranar da zai ji daga gare ka, da lambar da zai kira in bai ji ba. Taswirar waya ka sauke ta tun da akwai intanet, ta takarda da kamfas kuma su kasance a jaka, don sanyi yana saurin shanye batir.

A kan hanya

Awa biyu na farkon kowace rana su ne ma'auninka. In lissafi ya ce za ka kai mahaɗar hanya ƙarfe tara, ka kai tara da rabi, to kada ka ce za ka rama a gaba. Ka ɗauka duk yinin haka zai tafi, ka sake lissafin lokacin isa nan take. Zafi kaɗan a dunduniya, ka tsaya ka cire takalmi ka manna filasta. Minti biyar ne yanzu, in ya zama bororo zai rage maka sauri har ƙarshen tafiya.

Kowane dare, kafin ka kashe fitila, ka rubuta layi uku a ɗan littafi: ƙarfe nawa ka tashi da isa, abin da ƙasar ta kasance, da yadda jiki ya ji. A nawa akwai irin su "kilomita 14, awa 7, duwatsu masu santsi bayan ruwa, gwiwar hagu tun daga gangara ta biyu." Ka rubuta kuma ainihin inda ka bar hanya, sunan titin da wurin ajiye mota, da ko akwai sabis ɗin waya a wurin. Baɗi in ka zauna tsara kashi na gaba, wannan littafin za ka fara buɗewa kafin taswira.